Taga Ɗaya, Hatimi Shida

Ranar da rediyo ta sanar da garambawul, Mai Walda yana tsugune a ƙofar shagonsa yana haɗa ƙafar wani gado na ƙarfe. Ya ɗage baƙin gilashi daga idonsa ya kasa kunne. Mai jawabin yana cewa daga yau an daina wahalar da masu ƙananan sana'o'i. Duk mai neman lasisi taga ɗaya zai je, a nan za a gama masa komai ya kama gabansa. Ƙasa tana gudu, in ji shi, bai kamata takarda ta riƙa rarrafe ba.

Mai Walda ya miƙe ya rungume rediyon. Da tana da kumatu da ya sumbace ta.

Ba banza ba. Rayuwarsa gaba ɗaya a jikin lasisin nan take rataye. Garinsu yana girma kamar yaron da kafin tela ya gama masa riga ya fi ƙarfinta. Inda bara awaki ke kiwo, bana bene ne. Inda ake da bene, an ɗora masa wani a ka. An gina sabon asibiti a bayan tashar mota, fari tas, babu abin da ya rage masa sai gadaje. Mai Walda ya ƙera guda na gwaji ya kai musu. Jami'ar sayen kayan asibitin ta sa wani ƙaton maigadi ya hau ya yi ta tsalle a kai, gadon ko ƙara bai yi ba. Ta ce aikin nasa ne, amma da sharaɗi: ya kawo lasisi kafin a tashi aiki ranar Juma'a. Sabuwar doka ta hana gwamnati ba marar lasisi aiki, ko da ƙusa ce za a buga. In bai kawo ba, za a yi odar gadajen daga ƙetare kamar yadda aka saba.

In kuwa gadajen suka zo daga ƙetare, shi ne zai tafi can. Yayansa da ke aiki a wata tashar jiragen ruwa ya riga ya sama masa gurbi, aikin shekaru, kuma ba a zuwa da iyali. Mai shago ya ninka haya, ƙarfe ya yi tsada, gyaran ƙofofi da ƙafafun kujeru ba ya riƙe gida. Ya yi wa Yaya alkawari cewa in wannan ta kuɓuce zai haɗa jakarsa. Ga shi kuma da Amarya, wadda ko ledar kujerun ɗakinta ba su gama cirewa ba. Duk sanda ya tuna zai wayi gari a wata ƙasa bai ji muryarta tana faɗa da tukunyar shayi ba, sai ƙirjinsa ya ɗau zafi kamar ƙarfen da ya daɗe a wuta.

Abin dariyar shi ne, Amarya a ofishin lasisin take aiki. Ita ce mai hatimin ƙarshe.

Da yamma ya tare ta tun daga bakin ƙofa.

"Ranki ya daɗe, kin ji rediyo? Taga ɗaya! Gobe war haka lasisina na aljihu."

Ta cire takalmi, ta zauna a hannun kujera, ta yi masa irin kallon da likita ke yi wa majinyaci mai yawan fara'a.

"Injiniya, kai rediyo ka ji. Ni magini na gani."

"Magini kuma?"

"Da bulo da siminti."

Ga abin da ya faru. Ofishin yana da tagogi shida a jere, kowace da mai ita da hatiminsa, kuma ba mai kiran ma'aikatan da sunansu, sunan taga ne ya bi kowa. Akwai Malam Fili, mai tabbatar da cewa shagonka a ƙasa yake ba a sama ba. Akwai Hajiya Haraji, da Malam Tsafta, da Malam Gobara, da Odita wanda aikinsa duba hatiman sauran, sannan Amarya mai rajista. Da umarni ya iso daga sama, Darakta ya karanta shi da tabarau, ya cire tabarau ya sake karantawa. Mutum ne mai girmama rubutu. An ce taga ɗaya, shi kuwa da ya fita ya duba, shida ya gani. Sai ya aika a kira magini.

Kafin la'asar an toshe biyar. Aka kwaso ma'aikatan da teburansu da kabad-kabad ɗinsu aka cusa su a ɗakin da ke bayan wadda ta rage. Tun da kuma umarnin ya ce a hana ma'aikata ganawa da jama'a a lungu, saboda abin da kowa ya sani, Darakta ya sa aka kafa wa ɗakin ƙofar ƙarfe mai kauri, 'yar ƙetare. Da safe ya kulle su, lokacin hutu ya buɗe su, makulli a aljihunsa.

"To ai ta kwana gidan sauƙi," in ji Mai Walda. "Duk kuna ɗaki ɗaya. In miƙa fayil, wannan ya buga ya miƙa wa wancan."

Amarya ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ya miƙa wa wancan? Tun da aka kafa ofishin nan fayil bai taɓa fita daga hannun ma'aikaci ya shiga hannun ma'aikaci ba. Mai shi ne ke ɗauka ya kai. In Malam Fili ya miƙa wa Hajiya Haraji, ya zama masinjanta ke nan, alhali ya riga ta shiga aiki. Yau saura kaɗan su ba hammata iska a kan maganar."

"To yaya za a yi?"

"A buga maka, a miƙo maka ta taga, ka koma bayan layi."

"Layin wace tagar?"

"Injiniya, taga nawa ce?"

Can ya matso, ya sassauta murya irin ta lokacin da yake zuwa zance.

"Amaryata, ke fa mai hatimi ce. Ki ɗan buga min naki mana, sauran su ga an fara."

"Nawa na ƙarshe ne. In na buga kafin biyar su cika, Odita zai cinye ni ɗanya, kai kuma a soke fayil ɗinka. A gida ni matarka ce, ka ce in zauna in zauna. A taga kuwa sunanka Na Gaba."

Da dariya ta faɗa. Amma da ta juya za ta shiga kicin ya ga ta share ido da gefen ɗankwali.

Washegari ya yi sammako, ya tarar layi ya riga shi tashi. Ya fito daga harabar ofishin, ya bi jikin katanga, ya wuce mai gyaran waya, ya karya kwana wajen masu sayar da taya. Duk layuka shida na da sun narke sun zama guda. A gabansa akwai wata mata mai ƙaramin kamfanin sabulu, mai jiki da murya, wadda in ta yi raɗa sai an ji a tsallaken titi. A bayansa wani tsoho mai gonar kaji, ya zo da 'yar kujerarsa ta ninkewa da lema, alamar ba yau ya fara ba.

"Ɗana, hatimi nawa gare ka?" in ji Baba Mai Kaji.

"Yau na fara, Baba."

"Allah sarki. Kajin da na fara neman lasisi dominsu, jikokinsu ne ke ƙwai yanzu."

Da rana ta take ya isa taga, ya yi sa'a Malam Fili ne a zaune. Ya buga, ya miƙo. Mai Walda ya koma wajen masu taya yana murmushi, yana cewa a ransa ai abin ba wuya. Sai a zagaye na biyu ya gane inda gizo ke saƙar. Tagar mutum ɗaya take ɗauka, don haka ma'aikatan karɓa-karɓa suke yi, babba kafin ƙarami, kuma ba mai sanin wa zai tarar. Kana neman Haraji ka iske Tsafta. Tsafta kuwa ba ya bugawa sai Haraji ta buga. Ka koma baya, ka sake isowa, ka tarar Haraji ta tashi yanzun nan, ga ta can a kusurwa tana fifita da fayil ɗin wani, kana ganinta tana ganinka, amma ba lokacinta ba ne.

"Hajiya, ga ki ga fayil, taku biyu ne!"

"Malam, ni ba a taga nake ba. In na buga daga nan an ce na yi aiki a lungu."

Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Wanda ya fi wuyar samu shi ne Malam Gobara, don shi sai ya ga dama yake zama. Mutanen layi sun saba da tambayar juna, "Kai wa kake jira?" Rannan wani baƙo mai jaka ya zo wucewa daidai lokacin da Mai Sabulu ta ɗaga hannu sama tana cewa, "Allah ka kawo mana Gobara yau!" layi gaba ɗaya ya amsa da amin. Mutumin ya tsaya, ya dubi ofishin, ya dube su, ya tsallaka titi da sauri bai waiwayo ba.

Wadda kuwa Mai Walda ya fi tararwa ita ce wadda ba ta da abin da za ta yi masa.

"Na gaba!"

"Barka da aiki, ranki ya daɗe."

"Me ke tafe da kai, malam?"

"Haraji nake nema."

"Ba lokacinta ba ne. Ka ci abinci?"

"Wannan tambayar tana cikin sabon tsari?"

Ta karɓi fayil ɗin, ta buɗe kamar mai dubawa, ta mayar masa. A ƙarƙashinsa yatsunta suka taɓa nasa, suka ɗan daɗe. Ya dubi fuskarta ta tsakanin ƙarafan tagar, zufa ta jera a goshinta, ya ji a ransa cewa in da wannan ne kawai aikin ofishin, da ya yarda ya tsufa a layi.

"Kai, Injiniya!" Mai Sabulu ta ɗaga murya daga baya. "Ku bari sai kun je gida! Mu da muka bar namu mazan a gida ba wawaye ba ne!"

Haka makon ya zube. Ranar Alhamis da yamma hatimi biyu kacal gare shi, na Fili da na Haraji. Yaya ya kira waya ya ce masu aikin suna son amsa. Mai Walda ya ce masa gobe. Da safiyar Juma'a ya fito wanka ya tarar Amarya tana goge masa riguna, ba wadda zai sa kaɗai ba, duka, tana ninkewa tana jerawa kamar kayan matafiyi. Suka fita tare, suka rabu a ƙofar ofis, ita ta shiga ciki, shi ya nufi wajen masu taya.

A ranar, Darakta ya shigo da sabuwar riga, don an ce masa manyan baƙi na nan tafe a mako mai zuwa su ga yadda garambawul ke tafiya. Bayan hutu ya bi ma'aikatansa cikin ɗakin don ya koya musu murmushin da za su yi wa baƙin. Kuma saboda doka ba ta san babba ba, ya kulle ƙofar ta ciki. Da aka gama darasi ya zura makulli ya murɗa. Ya ƙi. Ya ƙara ƙarfi. Aka ji ƙas! Darakta ya ɗago hannu, rabin makulli a tsakanin yatsunsa, rabi a cikin ƙofa.

Mutum bakwai ke nan a ɗakin da aka toshe wa hanyar iska, da fanka ɗaya mai juyawa kamar an yi mata dole.

Mai Walda yana kusa da gaba a lokacin. Sai ya ga an janye Malam Tsafta daga taga, wata fuska mai tabarau ta bayyana a tsakanin ƙarafa. Layi ya yi tsit. Yawancinsu ba su taɓa ganin Darakta ba sai a hoton bango.

"Maigadi! Maigadi! Maza a nemo mai walda!"

Hannuwa fiye da ashirin suka nuna mutum ɗaya.

Bai tsaya tunani ba, matarsa na ciki. Ya damƙa wa Baba Mai Kaji fayil ɗinsa, ya ruga shago, ya dawo yana haki da injin yankan ƙarfe a kafaɗa da waya a naɗe a wuya. Maigadi ya nuna masa ƙofar, ta nan gefen tagar. Ya durƙusa, ya sa gilashi, yana shirin jona waya, sai ya ji wata siririyar murya daga ciki, cike da ladabi, muryar da zai gane ko a tsakiyar kasuwa.

"Ranka ya daɗe, tambaya gare ni. Ƙofar nan kayan gwamnati ce ko?"

"Kayan wa za ta zama?" in ji Darakta.

"Na ga kamar yanka ta aiki ne. Shi kuma wannan malamin, a iya sanina, ba shi da lasisi."

Mai Walda ya ɗage gilashin a hankali. Amarya ce kuwa? Shi za ta tona wa asiri a gaban jama'a?

Odita, wanda tun safe bai sami abin kamawa ba, ya miƙe kamar an tsikare shi.

"Gaskiyarta, Yallaɓai! Ko ƙusa ce. Duk jami'in da ya sa marar lasisi aiki, kora ce. Kuma ni zan rubuta, ba don ina so ba."

"Kai ma fa a kulle kake!"

"A kulle zan rubuta, Yallaɓai."

Darakta ya share wuya da hankici ya leƙo. "To a nemo mai lasisi!"

Baba Mai Kaji ya gyara zama a kujerarsa. "Ranka ya daɗe, masu waldar garin nan rabi suna cikin layin nan, rabi sun haƙura. In mai lasisi kake so, sai dai a yi odarsa daga ƙetare."

Layi ya fashe da dariya. A cikin dariyar Mai Walda ya hango idon matarsa ta bayan kafaɗar Darakta. Ba ta yi murmushi ba, gira ɗaya kawai ta ɗaga. A nan ya gane, kuma a nan ya sake faɗawa sonta, ya fi na farko zurfi.

"A ba shi lasisin!" in ji Darakta. "Ina fayil ɗinsa? Saura wa?"

Baba ya miƙa. Malam Tsafta ya buga, sannan bisa al'adar aiki ya turo fayil ɗin waje ta taga.

"Ina za ka kai shi?" in ji Darakta.

"Zai koma layi, Yallaɓai, ya jira Gobara."

Darakta ya manna fuska a ƙarafa ya bi layin da ido har inda ya ɓace a kwana.

"Ku bar shi ya tsaya a gaba mana, jama'a!"

"Haba, Yallaɓai!" in ji Mai Sabulu, ta riƙe ƙugu. "Doka fa doka ce. Mu nan ba ma tsallake layi. Ya koma wajen masu taya, in Allah ya yarda zuwa Talata ya iso."

"Malam Tsafta, miƙa wa Malam Gobara!"

"Ranka ya daɗe, na riga shi shiga aiki."

"To Malam Gobara, taso ka karɓa!"

"Yallaɓai, ni mai digiri ne."

Fanka ta yi wani kuka. Zufa ta gangaro daga hancin Darakta ta ɗiga a kan sabuwar riga. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Sai ya zura hannu ya fizgo fayil ɗin, ya ratsa tsakanin tebura da gefe, cikinsa na ture takardu, ya dire shi gaban Malam Gobara. Tim! Ya ɗauka ya kai wa Odita. Odita ya soma ƙare wa hatiman kallo ɗaya bayan ɗaya, Darakta ya tsaya a kansa yana huci, sai ga shi ya gama da wuri. Tim! Mutanen da ke kusa da taga suna ba na baya labari, labarin yana tafiya har kwana: Darakta ya zama masinja! Ba wanda girmansa ya zube, tun da wanda ya ɗauki fayil ɗin ya fi kowa.

Ya ajiye shi a gaban Amarya. Ta buɗe, ta duba shafi-shafi da natsuwa kamar ba ta san mai shi ba. Ta shafa wa hatimi tawada, ta ɗaga shi sama, ta buga da ƙarfin da ya sa kofin Hajiya Haraji ya yi tsalle.

"Na gaba," in ji ta, "ga lasisinka."

Ya karɓa da hannu biyu. Takarda ce kawai, mara nauyi, tawadar ko bushewa ba ta yi ba. Ya soke ta a cikin riga, ya durƙusa, ya jona waya. Injin ya ɗauka da ƙara, haƙoransa suka taɓa ƙarfe, tartsatsi ya tashi.

Aka ɗauke wuta.

Injin ya yi gurnani ya mutu. A ciki fanka ta yi juyi biyu na bankwana ta tsaya. Tun da aka fara ɗauke wuta a garin nan ba a taɓa yi mata tafi ba sai ranar. Mai Sabulu ta riga kowa, ta cusa fayil ɗinta ta taga.

"Kafin ta dawo, Yallaɓai, tun da hannunka ya faɗa."

Mai Walda ya dubi inuwar katanga, ta yi tsawo. Akwai janareta a wurin maƙwabcinsa mai gyaran firji, amma kafin ya ɗauko ya yanka ƙofa mai wannan kauri, an tashi a asibiti. Asibitin kuma yana can ɗaya gefen gari, bayan cunkoson tasha. Ɗaya zai yi, ba biyu ba. Ya matsa jikin taga. Amarya ta raɓo ta gefen Darakta, ɗankwalinta ya jiƙe sharkaf, leɓɓanta sun bushe.

"Bari in ɗauko janareta," in ji shi.

"Ka ɗauko me? Wuce asibiti."

"In bar ki a cikin tanderun nan?"

"Injiniya, yinin yau zan iya. Shekaru ne ba zan iya ba. Tafi!"

"Ba inda za shi!" in ji Darakta. "Malam, umarni ne, ka buɗe mu!"

"Yallaɓai," in ji Odita daga kusurwa, "ba a rubuta masa takardar ba da aiki ba tukuna. A ƙa'ida ba ma'aikacinmu ba ne."

Mai Walda bai ji amsar da Darakta ya bayar ba, an dai ce ba ta rubutuwa. Ya riga ya fita da gudu. Ya tari mai babur, suka kutsa cikin cunkoso, suka maƙale a bayan wata motar siminti da ta lalace a tsakiyar titi. Ya sauka ya ci gaba da ƙafa, yana ratsa masu talla da ramukan da aka haƙa don bututun da bai iso ba, hannunsa ɗaya dafe da ƙirji inda takardar take. Wanda ya gan shi zai ce ciwon zuciya ne ya kama shi, kuma ba zai yi ƙarya ba.

Ya iske jami'ar sayen kaya ta rataya jaka tana murɗa makullin ofishinta. Ya miƙa mata takardar. Ta karɓa, ta duba, ta dubi yatsanta da ya kwashi tawada.

"Ikon Allah. Kai ne mutum na farko da ya kawo min lasisin taga ɗaya. Ashe dai tana aiki?"

"Tana yi, Hajiya," in ji shi yana haki. "In an kulle ta."

Ba ta gane ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta buɗe ofis ta sa hannu.

Rana ta yi ja lokacin da ya dawo yana turo janareta a baro. Ya karyo kwanar masu taya ya tsaya cak. Babu layi. Jikin katangar nan fayau, sai bawon lemo da ledojin ruwa. A bakin taga Baba Mai Kaji ne zaune yana fifita da sabon lasisinsa, Mai Sabulu kuma tana miƙa ruwan sanyi ta tsakanin ƙarafa tana cewa, "Sha, Yallaɓai, ka yi aiki yau, Allah ya yi maka albarka." Darakta ya cire sabuwar riga, daga shi sai singileti, tabarau ya zame zuwa ƙarshen hanci, yana tambaya da dasasshiyar murya ko akwai saura.

Mai Walda ya tada janareta. Tartsatsi ya yi ta zuba kamar ruwan zinariya, ƙarfen ƙetare ya yi gardama iya gardamarsa, daga bisani ya sallama. Ƙofa ta buɗe, wani zafi ya bugo kamar an buɗe murhu.

Darakta ya fito. Daga nan fita ta tsaya, don Malam Fili da Hajiya Haraji sun isa bakin ƙofa tare, kuma sai an tantance wa ya riga wa shiga aiki. Malam Gobara ya kawo maganar digiri. Mai Walda ya tsaya riƙe da injinsa yana leƙe ta saman kawunansu, har aka sasanta aka fito ɗaya bayan ɗaya, babba kafin ƙarami. Amarya ce ƙaramar cikinsu.

Ta fito tana dafa bango, takalmanta a hannu.

"Ta sa hannu?"

"Ta sa."

Sai ta zauna a bakin baro ta rufe fuska ta fashe da kuka, irin kukan da aka daɗe ana ajiyewa. Ya durƙusa a gabanta ya karɓi takalman daga hannunta. Mai Sabulu ta ja hannun Baba suka ba su wuri, tana raɗar da aka ji har titi: "Ka ga irin mijin da ake so, ba irin nawa ba."

Ƙafafun Amarya sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Ya bar wa maigadi ajiyar janareta, ya shimfiɗa rigar aikinsa a cikin baro, ya ce ranki ya daɗe bismillah. Ta ce wallahi ba za ta hau ba, ita ma'aikaciyar gwamnati ce. Ta hau.

Yana tura ta a gefen titi, masu babur na yi musu hon, yara na dariya, ta zura hannu a aljihunsa ta ciro wayarsa ta kira.

"Yaya, ina wuni? Ni ce. Lafiya lau. Dama cewa zan yi a ba wani gurbin nan, mu muna da gadaje da za mu ƙera." Ta saurara. "A'a, ba zai iya magana ba yanzu, yana tuƙi."

Ƙafar baro ta faɗa rami, ta yi sama ta dawo.

"Injiniya! Ka kashe ni a ranar da ka zama ɗan kwangila?"

"Ba laifina ba ne, ranki ya daɗe, titin ne."

"To ka bi ta inda babu rami."

Ya duba gaba, ya duba hagu da dama, iyakar ganinsa. Sannan ya ƙara riƙe hannuwan baro da kyau, ya ce mata ta riƙe sosai.